Tsibiri a Damagaram

Wata tara muna bin ruwa da bido,
layin famfo tun kafin assalatu,
a roƙi ɗan ga-ruwa kamar mai sarauta.
Sai ga shi daren Laraba ya zo da ƙafarsa,
babu sallama,
ya faɗo zaure kamar mai bin bashi.

Ni magini ne, na san harshen bango.
Yakan fara gumi daga gindi,
ya yi warin tukunya sabuwa,
ya zubar da yaɓe ɗan kaɗan, kamar tsoho mai tari.
In ka ji na ukun, kar ka nemi takalmi.

Tun bazara na bi unguwa ina faɗa:
a share lambatu, leda ta toshe shi,
a gyara indararo, a yi wa katanga dakali.
Kyari ya ce in bar shi ya ji da kuɗin gero.
Bai yi ƙarya ba.
Shi kuma filinsa tsohon tafki ne,
kakana ya kama tarwaɗa inda gadonsa yake.
Na ce masa ruwa ba ya ɓatan hanya,
ko ya shekara talatin yana yawo.

Cima ba ta yi wa kowa wa'azi ba.
Takardun haihuwa ta naɗe a leda,
ta cusa a gwangwanin madara, ta rataye a azara.
Buhun hatsi bisa duwatsu huɗu,
cocila ƙarƙashin matashi,
igiyar guga a bakin ƙofa.
Kowace Juma'a ta tambayi yara:
in na ce ku tashi, ina za ku?
Su ce, kan dutse, bayan gidan Habsu.

Haka kuwa aka yi.
Igiya a kugun kowa, ni gaba, ita baya,
ruwa har cinya, sanyi kamar ƙarfe,
akuya a wuyan Mutari tana kuka.
Mun ji ɗakin Kyari ya zauna.
Ba ya faɗi da ƙara ba, zama ya yi.
Da muka ƙirga kawuna a kan dutse,
nasa tara sun cika. Na sake ƙirgawa.

Gari ya waye, ko'ina ja,
tabarmi da ƙwarya suna wucewa.
Autana, mai zuwa lakwal, ya ja rigata:
Baba, wannan ne tsibirin da malam ya zana?
Ban taɓa ganin teku ba. Na ce masa shi ne.

Rana ta ɗaga, ƙishi ya taso
a tsakiyar ruwan da ba mai sha.
Cima ta kwance goyon da na zaci kaya ne:
bido, cike, daga famfon shekaranjiya.
Murfi guda-guda ta bi mu da shi.
Kyari ya sha nasa, ya goge baki,
ya tambaye ni nawa ne buhun siminti.