Gwangwanin Harsashi

Bindiga bakwai kawuna Barau ya rataye
a ɗakinsa na Ƙofar Gayan,
kowace da ƙusarta, kowace da sunanta:
Kurma, 'Yar Ikko, Gwauruwa,
da wata ta toka da aka ƙera
tun ba a yaye uwata ba.
Sauran ukun, sai ya yi nishaɗi yake kiran sunansu.

Kowace kuma da irin cimarta.
Wannan lamba sha biyu, waccan sha shida,
siririyar ashirin take haɗiya,
ta toka kuwa sai albarushi da tsumma da guntun ƙarfe.
Ni ne yaron jaka.
Kafaɗata ce ta san nauyin wannan ƙauna.

Amininsa Tanimu na Dakace biyu gare shi,
baki ɗaya, ci ɗaya.
Yakan ce, "Barau, dawa ba kasuwa ba ce.
Naman da ya taso ba ya jiran ka zaɓa."
Kawu ya ce, "Mai tukunya ɗaya,
ran da ta fashe da yunwa yake kwana."
Shekara talatin suna wannan a gindin durumi,
goro yana ƙarewa, magana ba ta ƙarewa.

Wata damina gyado ya shiga masara a bakin Galma.
Cikin duhu kawu ya suri 'Yar Ikko,
ya ɗebi harsashi a gwangwani bai duba ba.
Ga dabba tana huci taku goma,
ga shi yana tura ɗan sha biyu a bakin sha shida,
yana turawa, yana salati.
Ƙarar da na ji ta Tanimu ce.
Har muka ƙetare gada ba wanda ya yi tari.
Sai a ƙofar gida Tanimu ya ce,
"Gai da matan nan bakwai."

Na ɗauka an yanke shari'a.

Bayan shekara biyu sha biyu ya ɓace.
Mun zaga Sabon Gari, mun aika Kaduna,
wanda aka samu kuɗinsa ya kai na tunkiya.
Tagwayen Tanimu suka koma sanduna a bayan ƙyaure.
Kawu kuwa ya hure ƙurar Gwauruwa,
ya ɗura wa ta toka abincinta,
ya dawo daga bayan Kufena da zabi huɗu.
Biyu ya ba ni in kai Dakace.
Ya ce, "Kada ka ce komai. Ka dai tsaya ya gan su."

Bara muka kai kawu makwancinsa.
Ƙusoshi bakwai suka zama nawa,
da takardun lasisi da gara ta ci gefensu,
da gwangwanin nan, an cakuɗa ja da kore da rawaya.
Daren nan na zazzage shi a tabarma
ina ware su kamar mai tsince wake.

Tanimu ya zo jiya, jikansa na riƙe da sandarsa.
Yana ta rufe masa ido.
Na ce, "Baba, ka ba ni shawara.
In bar biyu masu baki ɗaya, in miƙa sauran ga hukuma?"
Na san amsar tun ina ɗan shekara tara.

Bai amsa ba. Ya ce in sauko masa da Kurma.
Ya shafa katakon har inda hannun kawu ya sude shi,
ya kai hanci ya shaƙi man.
Can ya ce, "Biyu sun ishi mafarauci.
Har gobe a kan haka nake.
Amma wannan ba ka isa ka bayar ba.
Ina 'Yar Ikkon? Miƙo ta.
Ita ma."