Mai Duba Ruwa a Dole Kaina

Kafin ladan ya gama gyaran murya
nakan sauka gangare da tocila da littafi.
Sandar ƙarfe na tsaye cikin Kwara,
an zana mata lambobi, ja da fari.
Aikina in duba inda ruwa ya kwana,
in rubuta, in faɗa wa na gaba.

Ruwan nan ba namu ba ne mu kaɗai.
An ce daga duwatsun Gini ya taso,
ya wanke kofaton shanu a Mali,
ya sha kumfar sabulun matan Yamai,
ya goga kafaɗa da ƙasar Benin,
ya shigo mana ba fasfo, ba sallama,
kwastan na kallo, ba wanda ya ce ya kwance kaya.

Akwai wani Sumana can sama, wajen Gaya.
Ban san fuskarsa ba, muryarsa na sani,
mai kaushi, ta wanda sanyin kogi ya saba kamawa.
Da Faransanci yake ƙirge, ya juya da Zabarmanci,
in ya ji na yi shiru, ya lallaɓo da guntuwar Hausa:
"Ruwa ya hau, Tankari. Taƙi biyu. Gaya ma na ƙasa."
Ni kuma in kira Malama Dije a Yawuri.
Haka muke, kamar masu miƙa tubali wajen gini,
kowa hannun na kusa da shi kawai yake gani.

Ko lokacin da manya suka ɓata da juna,
aka gitta igiya da ganguna a hanya,
albasa ta ruɓe a bayan manyan motoci,
wayar Sumana ba ta fasa shigowa ba.

Akwai ranar da ban sauka ba.
Sunan ɗiyar ƙanena ne, an kayar da rago,
na ce ai ruwa bai san Laraba da Alhamis ba,
na kwafi lambar jiya na aika.
Sau biyu ya kira.
Wayar na aljihun rigar da na rataya a ƙusa.

Bayan kwanaki, can ƙasa,
shinkafar da aka tara a bakin gaɓa, dami a kan dami,
ta bi dare ta tafi, da akuyar wata tsohuwa.
Ba a rasa rai ba, alhamdu lillahi.
Dije ba ta zage ni ba, da ma ta zaga.
Cewa kawai ta yi, "Lambar jiya ce ka ba ni, ko?"

Yanzu in na ji a rediyo ƙasashe sun taru
kan hayaƙi da zafi da damina mai ruɗewa,
wannan na cewa ku kuka ɓata, wancan na cewa wa zai biya,
ba na dariya kamar da.
Ba ni da masana'anta, hayaƙina na tsohon babur ne,
amma na san abin da na sani:
kowa na da na sama da shi,
kowa kuma akwai wanda ke kwance a ƙasansa,
ya yarda da lambar da aka ba shi, ya yi barci.

Shekaranjiya na tsamo wata kwalbar roba,
rubutun jikinta ba na iya karantawa.
Har na buɗe baki zan tsine wa mai jefawa
sai na ga ledar ruwan da na gama sha
a hannuna, na riga na ɗaga ta.
Na cusa ta aljihu, ta jiƙa mini goro.

Yau da asuba ruwa ya taɓa jan layi na huɗu.
Na duƙa, na haska, na sake haskawa.
Sauro na cizo, littafi ya yi laushi da raɓa.
Waya ta yi ƙara.
Na ce, "Ina ji, Sumana. Faɗi a hankali."