Rijiyar Haske

Da la'asar sakaliya muka sa shi a agwagwa-da-buje,
farin bututu, tsawon yaro ɗan shekara bakwai,
na naɗe shi da bargo kamar mai masassara.
Daga Runjin Sambo har gadar Kwalkwalawa
duk ramin da muka faɗa sai na ba shi haƙuri.
Luba ta rungume ƙafafunsa uku
tana ƙidaya masu kallonmu.
Sha ɗaya, Baba. Wani ma ya ce igwa ce.

A gefen fadamar Modi mai albasa muka sauke,
inda fitilun birni suke gajiya su koma.
Na kafa ƙafafun, na danna su cikin danshi,
na cire murfi na leƙa.
Can ƙasa madubi mai kwarmi, kamar tasa,
ya miƙo mini fuskata a kife.

Ba a yi masa gaggawa.
Ya wuni yana shan ranar Sakkwato,
sai ya huce kafin ya faɗi gaskiya,
in ba haka ba taurari su yi ta rawa
kamar kwalta da tsakar rana.

Kusoshi uku ne a gindinsa.
Murɗa wannan kaɗan, sassauta wancan,
har ƙaramin madubin da ke karkace a sama
ya dubi babban ido cikin ido.
Shekara ashirin da biyu ina gyaran agogo a Tsohuwar Kasuwa,
hannuna bai taɓa rawa a kan kusa ba
sai yau.

Muka yi magariba a kan buhu.
Sauro ya zo gaisuwa.
Luba ta ɗaure bakin tocila da jar leda
don kada farin haske ya kore mana duhun da muka tara a ido.

Na fara da wata, ɗan kwana shida.
Ashe fuskar nan da muke yabo duk zanzana ce,
ramuka da tuddai, inuwa kwance a bakin kowane rami.
Luba ta yi shiru, abin da ba ta saba ba.

Sai ga Modi da fartanya a kafaɗa.
Malam Ladan, sama kake nema,
me ya sa kake leƙe ta gefe, kanka a sunkuye?
Na ce, rijiya ce, Modi.
Haske ke faɗawa ciki, ya taɓo ƙasa,
ƙaramin madubi shi ne guga.
Ya ce, to, ɗebo mini.

Na daɗe ina lalube.
Sau uku na kama baƙin fili, babu kowa.
A na huɗu ya shigo, ɗan mitsitsi, ruwan ƙwai,
Zuhal, da zobensa a karkace
kamar faifai a kan ƙwarya.

Modi ya rufe ido ɗaya da tafin hannu.
Ya duba. Ya ɗago ya dubi sama. Ya sake dubawa.
Ya zagaya ya leƙa bakin bututun.
Rantse ba liƙa shi ka yi ba.
Kafin in rantse ya ce, kai, yana gudu!
Ya kai gefe. Ya fita.

Ba shi ke gudu ba, in ji Luba,
mu ne, da fadamar, da albasarka,
da gulbin Rima gaba ɗaya.

Modi ya dafa ƙasa da hannu biyu,
ya daɗe a tsugune.
Can injin ban-ruwansa ya yi tari ya mutu,
bai waiwaya ba.
Ya ce, turo shi kaɗan, Malam,
maido mini shi.