Ganye Uku na Ƙarshe

Aikina gadin rumbunan albasa a Aliero.
Daga isha'i zuwa kiran assalatu
ni ne, da tocila, da gora,
da warin wadda ta fara ruɓewa a rumbu na uku,
sai kuma Sufeto Barmo.

Littafi na huɗu ke nan a jerin.
Ranar kasuwar Jega na saye shi
wajen Ɗantani mai baza tsofaffi a kan buhu.
Bangon ya sha hannu har ya yi laushin tsumma.

An tsinci gawar dillalin filaye
a kujerar bayan motarsa,
agogonsa ya tsaya biyu saura kwata.
Sufeto bai ce uffan ba.
Ya durƙusa, ya shinshina,
ya tsinci ɓawon gyaɗa guda ya jefa aljihu.
Na san halinsa tun littafin farko:
in ya yi shiru, wani ya kusa kwana a caji ofis.

Dare uku muna tafe tare.
Na zargi direba, ashe yana asibiti a daren.
Na koma kan akawu mai yawan rantsuwa.
Har ƙanen mamacin ban bari ba,
kukansa ya yi yawa a zaman makoki.
Motsi ya taso ta bayan shinge,
na zabura, gora a sama, gabana na faɗuwa,
ashe jakin Noma ne ya tsinke.

Dare na huɗu Sufeto ya tara su a falo,
ya ajiye ɓawon gyaɗar nan kan tebur,
ya ce, "Mai laifin yana ɗakin nan, kuma shi ne"

Na juya.
Bango.
Na haska, na girgiza, na duba ƙarƙashin benci.
Guntayen ganye uku a jikin zare
kamar haƙoran da suka karye.

To, zama da maɗaukin kanwa.
Na yi shiru irin nasa, na shinshina.
Tabon mai a gefe, sabo ne,
da ɗan jan yaji, da sawun yatsa ƙarami.
Ɗantani ya fita ke nan.
Da rana littafin yana gefen tabarmata ina barci,
kuma wa ke suya a ƙofar gidana da hantsi?

Na tara su a tsakar gida,
Kulu, da Ige, da autan da bai san hawa ba.
Kulu ta ce, "Mi kaka biɗa da wanga idanu?"
Ban amsa ba. Na ajiye littafin kan turmi.
Ige ta sa gefen gyale a baki:
"Baba, takarda ta ƙare, ga masu saye tsaye,
na ce ai na ƙarshe ne, ba ka kai can ba."

Ƙosan mutum uku.
Malamin firamare ya hura wuta da nasa.
Wajen mai faci na samu rabi,
mai ya jiƙa shi har ana ganin rana ta ciki:
"ya sunkuyar da kai, aka sa masa ankwa."
Babu suna.
Na ukun direban babbar mota ne,
ya ɗauki buhu ɗari biyu ya yi Kudu.
Sunan wanda ya kashe Alhaji
yana wani kwalbati tsakanin nan da Anacha.

Na sayo na biyar.
Na ƙirga ganyensa kafin in biya,
Ɗantani yana kallona kamar na taɓu.
Sufeto ya kama sabon bincike, bai waiwayi wancan ba.
Yanzu a rufin ɗaki nake ɓoye shi.
Ige kuwa na samo mata buhun siminti.

Ni dai har gobe akawun nan
ban yarda da shi ba.