Ƙazamar Gona

A gindin dutsen Kagoro, inda rafi ke karya kwana,
kunya ɗaya ce tsakanin gonata da ta Zigwai.
Tawa a share take tas, kamar tsakar gidan mai unguwa.
Tata kuwa juji ce:
busasshen ganye, karan masara, ɓawon gyaɗa,
duk ta jibge su a gindin agada.

Na ce, "Zigwai, ashana ce ta yi miki tsada?
Ga tawa, ƙyasta, ki huta da macizai."
Ta ce, "Baba Kuyet, ƙasa ma tana jin rana.
Kai kana fita ba hula a watan uku?"

Na yi dariya har fartanya ta suɓuce mini.

Na gan ta tana fere gindin dashe,
tana tsoma shi a ruwan zafi, tana ƙirge da baki.
"Dafa su za ki yi tun ba su haihu ba?"
Ta ce tsutsar da ke ciki take sallama.
Kowane gindi uku take bari, uwa da 'ya da jika.
Ni takwas nake bari, ina cewa yawa albarka,
ban lura kwano ɗaya suke wawaso ba.

Da can ruwan fari baƙo ne mai aiko da saƙo.
Ubana kan dubi gabas ya ce jibi,
kuma jibin ne.
Bana sai ya leƙo sau biyu, ya ruɗe mu muka dasa,
ya ɗauke ƙafa kwana ashirin da uku.
Da gawayi na ƙirga su a bayan ƙyaure.

Ganyena ya naɗe kamar tabarmar da aka gama zama,
ƙasa ta tsage har tana haɗiye ɗan yatsa.
Nata yana tsaye, kore shar,
gwaza da citta suna hutawa a inuwarsa.

Da ruwan ya dawo, da fushi ya dawo.
Iska ta gangaro daga dutse cikin dare,
ta tarar da itatuwan da Zigwai ta ƙi sarewa, ta rage gudu,
ta tarar da gorar da ta tokare kowane nono, ta wuce.
A wurina ba wanda ya tare ta.
Tara suka kwanta, da 'ya'yansu ɗanyu.

Da asuba na tsallaka kunya kamar ɓarawo,
na tura hannu ƙarƙashin jujin nan.
Sanyi. Laushi. Tana tana ta kai da kawowa.
Ƙamshin ƙasar da na sani ina yaro,
wanda na ƙone da hannuna shekara da shekaru.

Ashe tana bayana da tulu.
Ba ta tuna mini da ashana ba,
da ma ta tuna, da ya fi mini sauƙi.
Dashe biyar ta ciro ta ba ni,
ta ce, "Zurfafa ramin, taki a ƙasa, ka rufe musu kai."

Jiya matata ta gan ni da buhun ɓawon gyaɗa a ka.
Ta ce, "Kuyet, shara kake kaiwa gona?"
Na ce, "Hula ce."
Har yanzu tana kallona.