Asabar a Hawa na Huɗu

Shekara talatin da tara ina shafe bangon mutanen Porto,
cokalin gini a dama, siminti har cikin farce.
Yau ga ni da leda mai tsinin baki,
ina matso sukari a bayan kifi.

Kayan Benedita ne.
Da ta rasu na tarar da su cikin gwangwani a saman kabad:
ƙarafan yanka biskit, kwalaben kala guda shida,
da takarda mai maiƙo da rubutun hannunta,
"Kada ka cika wuta, Fausto, kai ba ka da haƙuri."
Ashe ta san zan buɗe.

Duk Juma'a da dare nakan murza fulawa da man shanu,
in fasa ƙwai uku, in goga ɓawon lemon tsami.
Asabar in hau bas mai bin bakin kogi,
tire biyu a cinya, ina kare su da gwiwar hannu
kamar wanda aka ba ajiyar jariri.

Hawa na huɗu, ɗakin yara.
Nas Graciete ta haɗa tebura biyu, ta shimfiɗa jarida.
Wancan mako taurari muka yi, wannan mako teku:
kifi, kwale-kwale, ƙaguwa,
da kek guda mai faɗi da za mu mayar ruwa.

Iria ta zo tana jan ƙarfen ƙarin ruwanta,
ta ce shuɗin nan bai kai teku ba, a ƙara.
Na ƙara. Ta ce yanzu kuma ya zama dare.
Gaspar bai yi wa ko ɗaya ado ba,
shi dai lasa, harshe kore shar,
yana rantsuwa bai taɓa komai ba.
Wata 'yar ƙarama da ban riƙe sunanta ba
ta yi wa kifi gira.

Ni kuwa magini ne, idona ba ya son karkata.
Waɗanda suka karye a hanya
nakan tura su ƙarƙashin tawul, in ci abina a bas.

Telmo ya gani.
Shekararsa tara, wata biyu ke nan da yi masa aiki,
ƙafar wandonsa ta hagu a naɗe, an kama da fil.
Ya zura hannu ƙarƙashin tawul
ya zaro ƙaguwar da ta rasa ƙafa biyu.
Na ce kawo in liƙa mata,
sukari na kamawa kamar siminti, ba mai ganewa.
Ya ce, "Ita ta ce maka tana so?"

Bakina ya mutu.

Ya shafa mata ja, a hankali, yana cizon leɓe,
ya ɗiga idanu biyu, ɗaya ya fi ɗaya girma,
wurin karayar ya bar shi yadda yake, da launin gashi,
sannan ya dasa ta a tsakiyar kek,
bisa igiyar ruwan da Iria ta tayar da bayan cokali.
Ya ce ita ce mai gadin teku, kada wanda ya ci ta.

Gaspar ya cinye kwale-kwale uku.
Ƙarfe biyar aka zo gwada zafin jiki, taro ya watse.
Na goge tebur, na tattara ƙarafan Benedita.
Ɗaya babu, mai siffar tauraro.
Na san aljihun da yake ciki, ban tambaya ba.

A bas, ruwan sama na dukan gilashi,
tire wayam, ƙarƙashin tawul wayam,
ga yunwa.
Na duba farcena:
shuɗi ne maƙale inda siminti ya saba zama.

Mako mai zuwa sun ce namun daji suke so.
Na san raƙumin dawa, wuyansa ba ya isa asibiti lafiya.
Wannan karon a sama zan jera su.