Riga ta Bakwai

Bana an daina hannu biyu.
Madam Morenike ce ta faɗa ran Litinin,
alli a bayan kunne, fil uku a baki:
a rufe kafaɗa ɗaya, ɗayar a bar wa fitila.
Na ce to. Ni dai allura aka ba ni.

Bara jela ake yayi,
yadi huɗu na bin yarinya kamar mai bin bashi,
har wata ta taka tata a gaban alƙalai.
Bana an datse jelar, an mai da ita wuya,
mayafi mai maɓalli biyu a ɓoye.
In ta kai tsakiyar dandamali ta ɓalle shi,
ya zube, a ɗau shewa,
wani yaro ya rarrafo ya kwashe.

Leshin Balogun ya sha kaye a shagonmu.
Adire ake nema,
shuɗin da ke kwana uku a yatsa bai fita ba,
da ashoke da aka tsaga siri-siri
aka jera a ƙugu kamar ƙayar kifi.
Abin da kakanninsu ke ɗaurawa zuwa biki
shi ne ya dawo da sabon farashi.

Riguna goma sha biyu a bene na biyu, Surulere.
Ta bakwai tawa ce.
Duwatsu dubu uku da ɗari biyu,
na san adadin don da ƙirga ake biya na.

Mai sa ta Ebiere, 'yar bakin ruwa,
doguwa, sai na hau kujera nake kai wuyanta.
Ta zo gwaji da yunwar kwana biyu.
Aka ja igiyar baya, aka ƙara ja,
numfashinta ya koma rabi-rabi,
ta ce a ƙara.
Da Madam ta fita amsa waya
na miƙa mata ƙosai biyu a takarda.
Ta haɗiye, ta lashe yatsa, ta kalli ƙofa.
Da dare na sassauta ɗinkin da faɗin farce.
Ba wanda ya sake awo.

Ƙirjin rigar ne ya hana Madam barci.
Tana son abin da Lekki ba ta taɓa gani ba.
Sai na tuna Baba a Agege,
a rumfarsa kusa da layin dogo,
yana zana aska a babbar riga,
jirgi na wucewa, hannunsa bai ko motsa ba.
Na jera askar da duwatsu,
a karkace, daga rufaffiyar kafaɗa zuwa ƙugu.
Ta daɗe tana kallo. Ta ce, mene ne sunansa?
Na ce aska.
Ta rubuta wani abu daban a takarda, da Turanci.

Daren gasar ruwa ya tsare mu a Oshodi.
A cikin danfo muka kalla, ni da Tasalla,
a wayarta mai tsagaggen gilashi,
kwandasta na leƙe ta kafaɗarmu.
Ebiere ta fito, ta ɓalle mayafin,
askar Baba ta kama wuta.
Mai sanarwa ya kira sunan Madam sau biyu.
Ta uku ta zo. Tana numfashi dai, na gani.

Amma idon tela ba ya hutu:
ƙasan hammata, a aska ta biyu,
akwai gurbin dutse ɗaya.

Da asuba na same shi a bakin zanena,
ya biyo ni har Agege bai biya kuɗin mota ba.
Na jefa shi a gwangwanin maɓallai
inda tsohuwar allurar Baba take.

Litinin Madam ta shigo da buhu a ka.
Ta ce baɗi gashin jimina za a yi.
Tun yanzu na fara atishawa.